Zancen Malami: Bakin Gida Ba Abin Kunya Ba Ne

A shekarar 2014 Masayuki Suo na Japan ya fito da wani fim na waƙa da ban dariya, Lady Maiko. Wata yarinya, Haruko, ta zo birnin Kyoto neman koyon aikin geisha, wato matan da sana'arsu ita ce rawa da kiɗa da hira da baƙi. Da fari aka ƙi ta, gama maganarta ta ƙauye ce, karin Kagoshima gauraye da na Tsugaru. Wani malamin harshe ya shiga koya mata maganar Kyoto, abin ya yi mata nauyi har muryarta ta ɗauke.

Mu ma mun san wannan ciwo. Yaronmu na Sabon Birni ko Isa ya tafi makaranta Kano ko Zariya, ya ce "na tahi" ko "hwarin zane", 'yan aji su bushe da dariya. Daga ran nan ba ya ƙara ɗaga hannu.

Lalle mu koya wa yara Hausar littafi, gama da ita ake jarrabawa. Amma in za mu gyara, mu ce, "Ga yadda ake rubutawa." Kada mu ce, "Ba ka iya Hausa ba." Gobiranci Hausa ce, da ita uwarsa ta yi masa reno.