An Dawo Da Tarihi Aji, To Wane Tarihin?

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a shekarar 2025 cewa darasin Tarihin Nijeriya ya zama wajibi daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, muke ta jin tafi da guɗa daga ko'ina, har wasu abokan aikinmu na cewa an share mana hawaye. Mu dai da muke riƙe da alli a wannan yanki na Funtuwa da Malumfashi ba mu shiga sahun masu tafin ba tukuna, kuma muna roƙon filin wannan mujalla tamu don mu faɗi dalili, ko da kuwa maganar za ta sosa wa wasu inda ba ya yi musu ƙaiƙayi.

Kwanan baya muka tambayi wani aji na babbar sakandare, yara kusan saba'in, mafi yawansu 'ya'yan manoma, ko mene ne asalin sunan nan Bisije da kowa ke kiran wata unguwa da shi a Funtuwa. Aji ya yi tsit. Daga can baya wani ya ɗaga hannu ya ce sunan wani Bature ne. Ba mu yi masa dariya ba, don kuwa ya fi sauran kusa da gaskiya. Bisije dai lafazinmu ne na haruffan BCGA, wato ƙungiyar da masu masaƙun Ingila suka kafa a 1902 don nema wa injinansu auduga mai araha daga ƙasashen da suka mallaka. Ita ce ta kafa injin gurzar auduga a nan. Kakannin yaran nan su suka yi ta ɗauko kaɗa a kan jakuna suna kai wa ma'auni, amma jikokinsu na wucewa ta wurin kullum ba su san ko me ya faru a can ba. Waɗannan yaran kuwa, in ka tambaye su shekarar da Mungo Park ya ga kogin Kwara, akwai mai ba ka amsa.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. Tun zamanin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 cikin shekarun 1980 aka fara cusa Tarihi cikin cikin darasin zamantakewa, ya zama ɗan rakiya. Manhajar da aka fitar a 2007, wadda ta fara aiki sosai wajen 2009, ta ƙarasa shi a firamare da ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma ya zama na ganin dama. Yaro ya ga babu mai tilasta masa, uba ya ga ba a zama likita da shi, shugaban makaranta ya ga ya huta da neman malami. Malaman Tarihi da yawa aka mayar da su koyar da darasin Gwamnati ko na zama ɗan ƙasa nagari. A 2018 aka ƙaddamar da sabuwar manhajar Tarihi, a watan Nuwamba na 2022 aka sake yin bikin dawo da shi tare da alkawarin horar da malamai 3,700, wato ɗari ga kowace jiha da Abuja. To a yi lissafi mana. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34. Malamai ɗari, in an raba, kowace ƙaramar hukuma ta tashi da uku, wata ma biyu. Mutum uku ne za su koyar da Tarihi a dukan makarantun Faskari, ko Kafur, ko Ɗanja? Darasin da aka yi bikin dawo da shi har sau uku cikin shekara takwas, ai shi kansa bikin ya isa ya nuna cewa abin bai zauna ba.

Amma ba gwamnati kaɗai muka zo tuhuma ba. Akwai masu ce mana, kuma cikinsu har da masu ilimi, wai Tarihi ba ya kawo tuwo, a bar yara su yi kimiyya da kwamfuta. Ga amsarmu, daga gonar da tuwon yake fitowa. An kawo wa manomin wannan yanki irin auduga na Amurka mai suna Allen, aka kafa masa kasuwannin auduga na hukuma inda mai saye ke yanka farashi, aka shimfiɗo layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929 don a kwashi amfanin zuwa bakin teku. Masaƙan gargajiya da marina, waɗanda suka sa sunan Maska ya yi nisa a ƙarni na 19, suka yi ta ja da baya. Daga baya sai hukumar sayen amfanin gona ta gaji ma'aunin, tana saye da araha tana riƙe rarar. A 1975 Bankin Duniya ya zo da shirin raya aikin gona na Funtuwa, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe, aka yi hanyoyin karkara da madatsun ruwa, aka kawo takin zamani da sabon irin masara, kuma masu binciken da suka bi sawun shirin sun nuna cewa manyan manoma ne suka fi kwasar romonsa. A 1986, cikin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona dare ɗaya, aka bar manomi da 'yan kasuwa. Masaƙun Kaduna da na Kano suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, auduga ta rasa mai saye, gonakinta suka koma na masara da waken suya.

Shin yaron da ya san wannan labari daga farko har ƙarshe, in gobe wani kamfani ya zo ƙauyensu da sabon iri da bashi da alkawarin zai saye duk abin da aka noma, ba zai tambaya ba, wa zai yanka farashi, kuma in kamfanin ya tafi wa zai saya? Wannan tambayar ita ce tuwon. Wanda bai san an taɓa yi wa kakansa haka ba, shi ne zai dangwala hannu yana murna.

Haka zancen yunwa. Tsofaffinmu ba su lissafin shekara da lamba, da sunan yunwa suke yi: Ƙaƙalaba ta 1914, 'Yar Gusau ta 1942, sai farin 1973 wanda da yawa cikin iyayenmu suka gani da idonsu. A 1913 damina ta gaza, amma abin da ya mayar da fari ya zama mutuwa shi ne an riga an tilasta biyan haraji da kuɗin Bature, mutane sun sayar da hatsin da a da ake ajiyewa a rumbu don irin wannan rana. Yau manomi na sayar da masararsa tun tana gona don biyan bashin taki, ya dawo cikin watan Yuli yana sayen tiya da ninkin kuɗin. In wannan ba darasin aji ba ne, to mene ne darasi?

Mu malamai ma ba mu fita ba. Ko a lokacin da Tarihi ke da cikakken matsayi, yaya muke koyar da shi? Jerin sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu, a rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Wane ya gaji wane, wane ya yi shekara kaza. Ba manomi a ciki, ba mace, ba maƙeri, ba bawa. Kai ka ce ƙasar Katsina fada ce kawai ba kowa a bayan ganuwa. Alhali kuwa marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, tun 1981 ya fitar da littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, inda ya nuna cewa ana gane tarihin ƙasa ne ta hanyar garuruwanta da sana'o'inta da ƙaurar mutanenta, ya kuma ƙi yarda da raba komai gida biyu, wai Haɓe da Fulani. A cikinsa mai karatu zai ga Gozaki da Maska da sauran garuruwan Katsina Laka a matsayin wuraren da suka yi tashe da kansu. Littafin da Turanci yake, Turancin jami'a kuwa, kuma a duk shekarun da muka yi muna koyarwa ba mu taɓa ganinsa a hannun ɗalibi ba. A wata makarantar da muka yi aiki, ɗakin karatun ma an mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Sai kuma masu cewa a koyar da Tarihi amma a tace shi, kada a tayar da zaune tsaye. Waɗannan sun fi ba mu tsoro, domin maganarsu na da kamar hikima. Gaskiya ne abin da wuya. A aji guda a ƙasar Malumfashi ko Kafur za ka tarar da ɗan Bafulatani, da ɗan Bamaguje wanda iyayensa ke zuwa coci, da jikan malamai, da wanda kakan kakansa bawa ne a wani rinji kuma kowa a garin ya sani. Ka zo ka yi bayanin jihadin 1804, da yadda Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina, da yadda tsohuwar sarautar ta koma Maraɗi ta yi shekaru tana kawo hari, kowane yaro na sauraronka da kunnen gidansu. Mun sha tsayawa a gaban allo muna auna kalma kafin mu furta ta. To amma in mun yi shiru, shirun ba ya hana yaran jin labari. Za su ji shi a waya, daga bakin wanda bai taɓa buɗe littafi ba, wanda zai gaya musu cewa wata ƙabila ce tun fil azal take zaluntar wata. Irin wannan tarihin na cikin waya ya riga ya shiga ƙauyukanmu, kuma da shi ake wasa wuƙa.

Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu. An sako su bayan kwana shida, amma makarantun kwana da dama suka daɗe a rufe, ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume kuwa sun ga abin da ba a so a tuna. Ɗalibanmu sun tambaye mu daga ina wannan masifa ta fito, kuma manhaja ba ta da amsa. Amsar, ko wani yanki nata, tana cikin abubuwan da ba a koyarwa: dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 da yadda aka bar ta ta mutu, burtalolin da aka nome, dazuzzukan gwamnati da aka yanka wa masu hali, soke jangali da haraji da gwamnatin Balarabe Musa ta yi a 1979, wanda ya sauke wa talaka kaya amma kuma ya yanke wata igiya da ke sa hakimi da ardo su san wane ne ke cikin dajinsu. Faɗin wannan ba wanke ɗan bindiga ba ne, wanda ya kashe rai ya kashe rai. Amma likitan da ya ƙi tambayar yadda ciwo ya faro don kada a ce yana goyon bayan ciwon, ai ba zai warkar da kowa ba.

Yanzu mu juyo gida, don wannan mujalla ta marubuta ce. In an ce malami ya koyar da tarihin Maska ko na Bisije, da wane littafi zai shiga aji? Mu ne ya kamata mu rubuta shi, ba mu rubuta ba. Mun manta cewa ƙagaggen labarin Hausa da tarihi ya buɗe ido. Cikin littattafan gasar 1933 akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya ɗauko zamanin yaƙin Kwantagora da Turawa, akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya kalli cinikin bayi ido da ido tun ana da sauran waɗanda aka sayar a raye. Su ba su ji tsoro ba. Mu kuwa, ɗauki littattafai goma na 'yan yankin nan, tara a cikinsu jarumin na zaune a Abuja ko Dubai, yana da kamfanin da ba a san abin da yake sayarwa ba. Ba mu ce a daina rubuta soyayya ba, mu ma mun karanta mun ji daɗi. Cewa muka yi, ashe ba a yi soyayya a layin ma'aunin auduga ba? Ba a yi auren dole a shekarar 'Yar Gusau saboda damin dawa ba? Aikin da Malam Ibrahim Sheme da abokansa suka yi a kan rayuwar Mamman Shata, wanda ya fito a 2006, ya nuna cewa in an ɗauki rikoda an bi tsofaffi gari gari, littafi na fitowa da Hausa kuma a saye shi.

Tsofaffin nan kuwa ba jiranmu suke yi ba. Wanda yake da shekara goma a 1942 yau ya haura tasa'in. Malaman auduga da suka riƙe sikeli, da leburorin gidan gurza, da direbobin shirin Bankin Duniya, da matan da suka yi kaɗi da mazari kafin zaren kanti ya kashe sana'ar, kowace damina sai an rage. Saboda haka muna kawo shawara gaban shugabannin ƙungiya da editan wannan mujalla: a ware shafi huɗu a kowace fitowa don hirar tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, da sunan garinsu da shekarar da ake magana a kai, a rubuta da bakinsu ba tare da an gyara musu Hausa ba. Kowane reshe ya ɗauki gari guda a shekara. Mu a namu ɓangaren mun riga mun ba ɗalibanmu na aji biyar aikin hutu, kowa ya je ya tambayi mafi tsufa a gidansu abin da ake nomawa a gonarsu kafin masara, da wanda yake saye, da nawa. Takardu arba'in da ɗaya suka dawo, wasu rabin shafi, wasu shafi shida, kuma in edita ya ba mu fili za mu fara aiko da su daga fitowa ta gaba.