Tallar Yaudara A Faransa: Tarar Da Gwamnati Ta Ci Ba Ta Shiga Aljihunka

A watan Yulin 2025 hukumar DGCCRF, mai yaƙi da algus da zamba a kasuwannin Faransa, ta ci kamfanin Shein tarar yuro miliyan 40 saboda rangwamen ƙarya. A cikin tallace-tallacen da aka bincika, kashi 57 cikin ɗari babu ragin ko sisi, kashi 19 ragin bai kai abin da aka rubuta ba, kashi 11 kuwa ƙarin farashi ne aka sa wa rigar rangwame. Kafin nan, a 2020, Apple ya biya miliyan 25 don bai gaya wa masu iPhone cewa sabunta manhaja na iya rage saurin wayarsu ba.

Na ɗauko wannan magana ne saboda mu da ke Villeurbanne da Lyon da Paris muna yawan sayayya ta intanet, har da tsarabar da ake kaiwa gida. Doka a nan ba ta wasa. Kundin Code de la consommation ya tanadi ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 300,000 ga mai tallar yaudara, kuma ana iya ɗaga tarar har kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. Tun 2022, duk wanda ya ce ya yi ragi, dole ya auna shi da farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan cikin kwana 30 da suka wuce.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin tara baitulmalin gwamnati suke shiga. Wanda aka cuta ba a aiko masa da komai, sai in shi ya tashi ya nema. A ganina nan muke da rauni, domin mun saba da cewa "a bar wa Allah", ga kuma tsoron takardu da Faransanci. Haƙuri halin kirki ne, amma ba ya dawo da kuɗi.

Ga yadda ake bi. Da farko ka ɗauki hoton tallar ka ajiye rasit, don ana iya sauya shafi cikin dare. Idan ta intanet ka saya, kana da kwana 14 ka fasa ba tare da ka faɗi dalili ba. Sabon kaya kuma yana da garantin doka na shekara 2. Ka rubuta wa mai kayan wasiƙa mai rajista. In ya yi kunnen uwar shegu, ka kai ƙorafi a SignalConso, shafin da gwamnati ta buɗe a 2020, sannan ka nemi mai shiga tsakani na masu saye, wanda kyauta ne. A Villeurbanne akwai Maison de justice et du droit inda ake ba da shawarar shari'a ba ko kwabo. Ƙungiyoyi irin su UFC-Que Choisir ma suna taimaka wa membobinsu.

A kula da tarko biyu. Kwana 14 ɗin nan bai shafi tikitin jirgi zuwa Yamai ko Kano ba. Haka kuma abin da ka saya a baje koli irin na Foire de Lyon ko Foire de Paris, babu damar fasawa, sai in da bashin da aka haɗa da cinikin ka saya. Saboda haka kar daɗin bakin mai talla ya sa ka sa hannu a tsaye.

Shawarata ita ce, wanda ya iya Faransanci ya taimaki wanda bai iya ba wajen rubuta wasiƙar nan. Ƙorafin mutum ɗaya yana iya ɓacewa, amma in ya taru, shi ne ke sa hukuma ta buɗe bincike. Allah Ya tsare mana guminmu, amin.