Wa ke shata iyakar kasuwar rediyo a Amurka?

A Amurka, kafin kamfanin mota ko na lemo ya ba gidan rediyo ko sisin kobo na talla, tambayar farko da yake yi ita ce: kasuwarku ta nawa ce a jeri? New York ce ta ɗaya, Los Angeles na biye da ita, haka jerin yake gangarawa har sama da kasuwanni 200. Manyan 'yan talla sukan ce su dai goman farko suke so, ko hamsin na farko. Garin da ya faɗo ƙasan wannan adadi ya rasa kuɗin, komai daɗin shirye-shiryen tashoshinsa.

Ba gwamnati ce ke tsara wannan jeri ba. Kamfani ne mai zaman kansa, wanda aka kafa a 1949, aka daɗe ana kiransa Arbitron, har kamfanin Nielsen ya saye shi a 2013 a kan dala biliyan ɗaya da 'yan kai. Shi ne ke ɗaukar taswira ya haɗa babban gari da gundumomin da ke kewaye da shi, ya ce wannan kasuwa ɗaya ce, galibi yana bin yadda gwamnatin tarayya ta kasa yankunan birane. Daga nan sai ya shiga ƙirga kunnuwan da ke cikin layin. Manomin da gundumarsa ta faɗa bayan layi zai iya kwana ya tashi da tashar a kunne, amma ba ya cikin lambar da ake yanka farashin talla da ita.

Ƙirgar kanta iri biyu ce. A ƙananan kasuwanni ana aika wa gidajen da aka zaɓa ɗan littafi, mutum ya yi kwana bakwai yana rubuta tashar da ya saurara, daga Alhamis zuwa Laraba. A manyan kasuwanni 48 kuwa, 'yar na'ura ake ba mutum ya rataya, tana ɗaukar wata alamar sauti da tasha ke cusawa a cikin shirinta, wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji. An fara aiki da ita a Philadelphia da Houston a 2007, kuma nan da nan rigima ta tashi. Tashoshin baƙar fata da na masu jin Sifaniyanci suka ga lambobinsu sun zube, suka ce ba a raba wa mutanensu isassun na'urori ba. A 2008 Andrew Cuomo, wanda yake babban lauyan jihar New York a lokacin, ya maka Arbitron a kotu, sai a farkon 2009 aka sasanta bisa alƙawarin kamfanin zai gyara yadda yake zaɓen mutane.

Ko a 2025, ɗan sauyi kaɗan ya motsa lambobi: da sai mutum ya saurari minti biyar cikin kwatan awa ake lissafa shi, Nielsen ya rage zuwa minti uku a kasuwannin na'ura.

Da a ce maganar ta tsaya a kuɗin talla kaɗai, da sai a bar wa 'yan kasuwa kayansu. Amma layin nan shi ne kuma yake faɗar tashoshi nawa mutum ɗaya zai mallaka. Dokar sadarwa ta 1996 ta ba kamfani ɗaya damar riƙe tashoshi har takwas a kasuwar da ke da tashoshi 45 ko fiye, adadin yana raguwa gwargwadon ƙanƙantar kasuwa. A wancan lokaci hukumar sadarwa ta FCC tana auna kasuwa ne da inda muryoyin tashoshi suke haɗuwa a iska, abin da ya sa tasha mai dogon zango kan jawo tashoshin garuruwa masu nisa cikin lissafi, ƙaramin gari ya zama babba a takarda. Kamfanin Clear Channel ya yi ta saye har ya tara tashoshi wajen 1,200, ciki har da tashoshin kasuwanci shida na garin Minot a jihar North Dakota.

Cikin daren 18 ga Janairun 2002, jirgin ƙasa ɗauke da sinadarin ammoniya ya kauce daga layinsa a gefen Minot, iska mai guba ta lulluɓe unguwanni, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. 'Yan sanda sun ce sun yi ta kiran tashar da aka ware domin sanarwar gaggawa, wadda ta Clear Channel ce, ba wanda ya ɗauka. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce jami'an ne ba su yi amfani da na'urar gargaɗi yadda ya kamata ba. Ko wanene mai gaskiya, mutanen garin sun murɗa rediyo a daren da suka fi buƙatarta, sun tarar da kiɗa.

Shekara guda bayan haka, a 2003, FCC ta yanke shawarar barin tsohon ma'auninta ta rungumi taswirar Arbitron. Gyara ne, amma bai kai ba. Tashoshin da ke biyan kamfanin kuɗin rahoto su ne ke da bakin neman a ƙara gunduma ko a cire ta, shi ya sa hukumar ta gindaya cewa sai sabuwar iyaka ta shekara biyu kafin a kafa hujja da ita wajen sayen tasha. Mai sauraro dai ba ya wurin da ake zana layin, alhali da kunnensa ake ciniki.

Wannan ya shafi Kano da Kaduna kai tsaye. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suke ta ƙaruwa a Arewa, manyan kamfanonin talla kuwa yawancinsu suna Legas, kuma lamba suke nema kafin su saki kuɗi. Muryar Kano tana isa Jigawa da Katsina, ta Kaduna ta daɗe da sabawa da kunnuwan Maraɗi da Damagaram. Idan aka shata kasuwar Kano a iya ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, an zubar da ɗimbin mutanen karkara waɗanda rediyo ce jaridarsu. Masu gidajen rediyon Arewa da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo a Najeriya su tabbatar an zana wannan taswira a bainar jama'a, da ƙauyuka a cikinta, kafin wani ya zana musu ita daga nesa.