"Identical": kalmar da ta kusa sa ƙanwata asarar tallafin karatu

1/ Jama'a ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Akwai wata kalmar Turanci da muke yi wa fassarar ganin dama, alhali tana iya jawo wa mutum asarar shekara guda cur. Kalmar ita ce "identical". Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu.

2/ Bara ƙanwata ta nemi wani tallafin karatu. A fom ɗin an rubuta cewa sunan da ke kan takardunta dole ya zama identical da wanda ke kan NIN. Yaron kafe ya karanta, ya ce mata, "Anti, cewa suka yi sunan ya yi kama, ba matsala." Ta tura.

3/ A takardar sakandare an rubuta Aishatu Mohammed. A NIN kuma Aisha Muhammad. A wurinmu mutum ɗaya ce, uba ɗaya. A wurin kwamfuta mutum biyu ne da ba su ma san juna ba. Aka dawo da fom. Sai da muka yi rantsuwar kotu, muka buga a jarida, muka sha zarya. Saura kwana biyu a rufe aka karɓa.

4/ To ga inda yaron ya kauce. "Similar" ita ce kama. Identical kuwa ita ce sak: babu bambanci ko na ɗigo. Mu Hausawa "iri ɗaya" muke ce wa duka biyun, shi ya sa suke cakuɗe mana.

5/ Misalin da kowa zai gane: anko. Idan ƙawayen amarya suka yanko atamfa zane ɗaya, kala ɗaya, wannan identical ne. Wadda kuɗinta bai kai ba ta je kasuwa ta nemo mai kama, tata similar ce. Kuma wallahi a hoton biki sai an gane ta.

6/ Tsakaninta da "same" ma akwai ɗan bambanci. Same tana iya nufin abu ɗaya tak, kamar a ce ni da ƙanina riga ɗaya muke karɓa-karɓa. Identical yawanci abu biyu ne ko fiye da ba ka iya bambance su, kamar rigunan Sallah da tela ya ɗinka mana daga yadi ɗaya.

7/ Asalinta daga Latin ne, "idem", wato "shi ɗin dai". Tushensu ɗaya da "identity", inda aka samo ID ɗin da muke cewa ID kad. Ka ga ke nan tun daga tushe maganar ita ce: kai ɗin ne ko wani ne?

8/ Inda aka fi jin ta shi ne "identical twins", tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya da ya rabu biyu, waɗanda muke cewa kamar an tsaga kara. Ba kowane Hassan da Hussaini ba ne haka. Kuma ikon Allah, su ɗin ma zanen yatsunsu daban-daban ne.

9/ Masu rubuta Turanci: ana cewa identical to, ko identical with. Kar a ce "very identical". Ko sak ne ko ba sak ba. In da ɗan bambanci, "almost identical" ake cewa.

10/ Ban ɗora wa mutanenmu laifin duka ba fa. Muhammad da Larabci rubutunsa ɗaya ne. Da aka zo boko kowane malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji: Mohammed, Muhammed, Moh'd. A Nijar kuma salon Faransanci: Mahamadou, Aïchatou.

11/ A da hakan bai dami kowa ba, don mutum ne ke duba takarda, kuma ya san gidanku. Yanzu zamani ya juya. BVN ta zo a 2014. A Disambar 2020 aka ce a haɗa layin waya da NIN. Daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Kwamfuta harafi take ƙirgawa, ba ta san "ai duk ɗaya ne" ba.

12/ Na san wani zai ce tsarin ne ya kamata ya fahimci sunayenmu. Na yarda, ya kamata a sauƙaƙa gyara, talaka na shan wahala a kai. Amma ka tuna Muhammad Sani nawa ne a Kano kaɗai. Wannan tsananin shi ke hana wani mai irin sunanka shiga asusunka.

13/ Shawarata: yau da daddare ka baje takardunka a tabarma. Takardar haihuwa, ta firamare, ta sakandare, NIN, BVN, fasfo. Ka bi su harafi bayan harafi, har da jerin sunayen da ranar haihuwa. In ka ga saɓani ka gyara yanzu, tun babu wa'adi a kanka.

14/ Iyaye kuma, ranar suna a tsayar da rubutu ɗaya, a ajiye, shi za a riƙa miƙa wa kowace makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

15/ Ƙanwata ta samu tallafinta, Alhamdulillah. Yanzu ko rasit za a rubuta mata sai ta karɓi biro ta rubuta sunanta da kanta. Ku fa, rubutu nawa sunanku yake da shi a takardunku? Ni dai da na duba nawa, uku na tarar.