Kuskuren Turancinmu ɗan gida ne

Makon jiya na kammala duba takardun jarrabawar ɗalibaina na aji uku, kuma kamar yadda aka saba kowace shekara, ban tashi daga kan teburin ba sai da jan birona ya kusa ƙafewa. Ni ba Turanci nake koyarwa ba, amma da Turanci ake amsa tambayoyina. Saboda haka, ko ina so ko ba na so, ta nahawun ɗalibi nake bi kafin in kai ga abin da ke cikin kansa, kuma sau da yawa a bakin ƙofa nake tsayawa.

Bayan an liƙa sakamako wata ɗaliba ta same ni a ofis, ranta a ɓace. Na san ta da ƙoƙari, ba ta fashin aji, in ana muhawara kuma ta fi kowa kama bakin zaren. Ta ce ba ta gane dalilin da ya sa makinta ya gaza na waɗanda ita ce take yi wa bita ba. Ta ƙara da cewa kiredit mai kyau ta samu a Turanci a jarrabawar WAEC, kuma kafin ta zauna JAMB sai da ta haddace tambayoyin baya na shekara goma. Ban musa mata ba. Na ce ta kawo mini rubuce-rubucenta uku na baya, mu zauna mu ƙirga jan da aka zuba musu. Mun sami wuri sittin da 'yan kai. Da muka ware su kashi-kashi, sai ga shi iri shida ne kacal suke ta maimaita kansu, huɗu daga ciki kuwa na san gidansu: daga Hausa suka fito.

Duba jimlar nan: "Audu ya zo." A Hausa ba a cewa "Audu zo" a yi shiru, dole a sa "ya" ko "ta" ko "sun" tsakanin mai aikin da aikin, domin wannan 'yar kalma ita ce ke ɗauke da lokaci da jinsi da adadi. Yaron da ya tashi da wannan ƙa'ida a bakinsa, in ya zo Turanci sai ya ji jimlar ba ta cika ba, ya rubuta "Audu he came". Ba wauta ya yi ba. Dokar harshensa ya bi, ya kai ta inda ba ta da iko.

Batun lokaci ya fi wannan zurfi, kuma nan ne mafi yawanmu muke tuntuɓe har bayan mun yi digiri. Hausa ta fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana ci, a kan yaushe aka yi shi. Ina iya cewa "yanzu ina cin abinci", in ce "jiya da ya shigo ina cin abinci", in kuma ce "gobe war haka ina cin abinci". Kalmar "ina" ba ta motsa ba. "Yanzu" da "jiya" da "gobe" su suka yi aikin. Bature kuwa sai ya sauya aikatau sau uku: "am eating", "was eating", "will be eating". Shi ya sa ɗalibi zai fara ba da labari da shuɗaɗɗen lokaci a jimla ta farko, ya ga ai ya riga ya faɗa wa mai karatu cewa jiya ne, sai ya saki jiki ya zarce da lokaci mai ci har ƙarshen shafi. Haka nan "na gama" guda ɗaya ce a wurinmu, amma a Turanci ta rabu gida biyu, "I finished" da "I have finished", kuma ta biyun ba ta zama da kalmar da ta ambaci lokacin da ya wuce. Wanda bai san da wannan rabuwa ba zai yi ta rubuta "I have finished it yesterday" har ya yi ritaya. Ko "I am having a car" da ake yawan ji, a kunnen Bahaushe daidai take da "ina da mota", tunda da "ina" muke mallaka, da ita kuma muke nuna aiki mai ci.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Muna cewa "shekara goma", "mota biyu", ba tare da jam'i ba, sai mu rubuta "ten year". Muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai mu haifar wa Turanci "advices" da "informations" da "equipments", alhali shi bai ƙirga waɗannan. Muna cewa "na sayi littafi", sai mu bar "a" da "the" a hanya. "Ara mini" da "na ari" tushensu ɗaya, sai "borrow me" ta fito.

Akwai guda ɗaya da ba zan wuce ta da sauri ba, domin na taɓa ganin ta kusa halaka yaro. Shekarun baya na zauna a wani kwamitin ladabtarwa, aka kawo ɗalibin da ake zargi da shiga ɗakin jarrabawa da takardar satar amsa. Wani daga cikinmu ya tambaye shi da Turanci, a sigar korewa, ma'ana: ba kai ka shigo da takardar ba ke nan? Yaron ya ce "Yes sir." Mai rubuta bayanin zama har ya sunkuya zai rubuta cewa ya amsa laifi. Na ce a dakata, na maimaita masa tambayar da Hausa, ya ce: "Eh, Malam, ba ni na shigo da ita ba." A Hausa, "eh" tana gaskata maganar mai tambaya ne, ko da korewa ce. A Turanci kuwa "yes" tana tabbatar da aikin, wanda bai yi ba "no" zai ce. Da babu mai jin Hausa a ɗakin ran nan, da kalma ɗaya ta kore shi daga makaranta. Ka auna irin wannan a gaban ɗan sanda, ko likita, ko masu tantance neman aiki.

Kada a ce na ɗora wa Hausa laifi. Ba kowane kuskure ne nata ba; wasu daga murɗaɗɗen halin Turancin kansa suke, kamar yadda "go" take rikiɗewa ta zama "went" ba dalili, wasu kuma duk Najeriya ake yin su. Sannan akwai inda Hausa ta ba mu fifiko. Da wuya ka ji Bahaushe ya rikita "he" da "she", domin yana da "shi" da "ita" tun yana goye, har ma da "kai" da "ke" waɗanda Turanci ba shi da su. Yarbanci da Ibo kuwa wakilin suna ɗaya suke da shi ga namiji da mace, saboda haka masu koyo daga cikinsu nan ne suke shan tasu wahalar. Kowa da inda takalminsa yake matsa masa.

To, me ya sa shekara goma ta tambayoyin baya ba ta warkar da ɗalibata ba? Domin gane amsa daban, ƙirƙirar jimla daban. Turancin JAMB tambaya sittin ne, duk na zaɓi ɗaya cikin huɗu. An riga an gina maka jimlar, naka kawai ka nuna wadda ta dace. Ido yana iya sabawa da wannan har ya ƙware, hannu kuwa bai koyi komai ba. A WAEC ma, in aka zo insha'i, maki goma cikin hamsin aka ware wa tsabtar nahawu da rubutu, ana cire rabin maki a kan kowane kuskure. Kuskure ashirin ya cinye goman ke nan, kuma ɗalibi yana iya rasa su gaba ɗaya ya tsira da sauran sassa, ya fito da kiredit ɗinsa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa abin da ya ci masa makin.

Littattafan da muke dogara da su ma ba don mu kaɗai aka rubuta su ba. Mu da muka yi firamare a shekarun 1980 mun sha Brighter Grammar, 'yan baya kuma suna riƙe da English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda ya fara fitowa a 1985, bayani a shafin hagu, aikin gwaji a na dama. Littafi ne mai kyau, ina kuma ba da shawarar a mallake shi. Sai dai an rubuta shi ne don Balarabe da Bajamushe da ɗan Sin baki ɗaya, bai san inda Bahaushe yake zamewa ba. Wanda ya bi shi daga bango zuwa bango zai kashe makonni a kan abin da bai taɓa ba shi wahala ba, ya wuce ciwonsa na gaske a shafi biyu. Abin lura shi ne, ƙamus ɗin Oxford na masu koyo da kusan kowane ɗalibi ya sani, A. S. Hornby ya tsara shi ne bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan yana kallon inda ɗalibansa suke faɗuwa. A Tokyo aka fara buga shi a 1942, kafin Oxford ta fitar da shi a 1948. Daga irin wannan lura ce aka sa alamar da ke nuna sunan da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa. Ɗalibai nawa ne suke duba wannan alama in sun buɗe ƙamus? Yawanci ma'ana kawai ake ɗauka a rufe.

Abin da na ce wa ɗalibata ta yi ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci Ajuruma ya san cewa haddace ƙa'idar nahawun Larabci somin-taɓi ne. Karatun yana farawa ne ranar da malam ya ɗora ka a kan jimla ya ce ka yi mata li'irabi, kalma bayan kalma, ka faɗi matsayin kowace da dalilin wasalinta. Mai haddar allo kuma ya san abin da aka wanke ba a koma masa ba, ya tafi. Na ce ta sayi ƙaramin littafi na rubutu, ta ba kowane ɗaya daga kurakuranta shida shafinsa. A saman shafi ta rubuta jimlar da ta ɓata, a ƙarƙashi jimlar Hausar da take cikin kanta lokacin da ta rubuta ta, sannan gyararriyar. Kullum ta rubuta layi goma na Turanci a kan abin da ya faru da ita jiya, domin labarin jiya shi ke tilasta wa mutum riƙe shuɗaɗɗen lokaci. Ta ajiye shi ya kwana, da safe ta karanta da ƙarfi tana farautar iri ɗaya tak, ba duka shidan ba. Ranar Juma'a ta koma kan na farkon mako, ƙarshen wata ta koma kan na farkon wata.

Ta tambaye ni batun manhajojin waya masu gyara rubutu. Na ce ban hana ba, amma da sharaɗin duk gyaran da manhaja ta yi mata ta kwafe shi da hannu cikin littafin nan, ta nemi dalilinsa. In ba haka ba, wayar ce za ta iya Turanci, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da ita.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ni na yi mata. Na ce ta gaya mini aikin da "ya" take yi a cikin "Audu ya zo". Ta yi shiru, sannan ta yi dariya ta ce ita ba ta ɗauki Hausa a sakandare ba, ai ta iya. Littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci yana nan tun 1976, amma ɗalibanmu da yawa suna gama jami'a ba su taɓa jin cewa harshen da suke mafarki da shi yana da dokoki ba. Malaman Hausa da na Turanci kuma a makarantunmu ɗakin malamai ɗaya suke zama, suna koyar da yara ɗaya, ba wanda ya taɓa leƙa darasin ɗan'uwansa. Da za su haɗu ko sau ɗaya a zango su jera jimlolin harsunan biyu a allo ɗaya, da rabin jan biron da nake ƙararwa ya huta.

Shekaranjiya ta leƙo ofis da littafinta. Shafin "Audu he came" ta ja masa layi, ta ce wannan ya mutu. Shafin lokaci kuwa har ya cika ta ƙara masa wani, kuma a layi goman da ta nuna mini na ranar, na sami wuri biyu da ta fara da jiya ta ƙare da yau.