A Buɗe Wa Masu Digirin Adabi Ƙofar Kimiyyar Bayanai

Ba baƙon abu ba ne a yau a ga ma'aikacin gwamnati ko ɗalibin da ya yi digirinsa na farko a fannin tarihi, ko harsuna, ko aikin jarida, ko sha'anin mulki, yana neman gurbin digiri na biyu a kimiyyar bayanai, watau ilmin tattara bayanai masu yawa da tace su da fitar da ma'ana daga cikinsu ta hanyar lissafi da kwamfuta. Niyyar waɗannan mutane tana da kyau, kuma ƙasar nan tana bukatarsu. Ya kamata jami'o'i su buɗe musu ƙofa, tare da gaya musu gaskiyar abin da yake jiransu a ciki.

Dalilin bukatarsu a fili yake. Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya ba da rahoton cewa a ƙarshen shekarar 2020 marasa aikin yi a Nijeriya sun kai kashi 33.3 cikin 100. A shekarar 2023 ofishin ya fito da sabon rahoto wanda ya ce kashi 4.1 ne cikin 100 a farkon wannan shekara. Abin da ya kawo mafi yawan wannan bambanci shi ne sauya ma'auni. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, amma a sabon tsari ko awa ɗaya mutum ya yi yana neman abin kansa ya shiga sahun masu aiki. Kwamfuta ba za ta iya yanke hukunci ko matar da take soya ƙosai na awa biyu da safe ma'aikaciya ce ko kuwa ba. Wannan tambaya ce ta wanda ya san tattalin arziki da zaman jama'a.

Haka kuma al'amarin yake wajen ƙidayar jama'a, wadda rabon ƙasar nan da ita tun 2006. Masana sun daɗe da lura cewa inda mutane ba su rubuta ranar haihuwa, shekarun da suke faɗa wa mai ƙidaya sukan taru a kan 30 da 35 da 40, domin kintace ne kawai. Wanda ya yi aiki a karkara ya san haka tun kafin ya ga takarda, ya kuma san abin da ke sa magidanci ya ɓoye yawan shanunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Har ila yau, na'urorin fassara da na sauraren magana ba za su iya Hausa yadda ya kamata ba sai da hannun waɗanda suka karanci nahawunta da karin harshenta.

To, amma sanin jama'a kaɗai ba ya sa mutum ya ci jarrabawar digiri na biyu a wannan fanni. Tushen karatun lissafi ne. Ana bukatar aljabara, da kalkulas, da lissafin yiwuwar aukuwar abu, da ilmin ƙididdiga, sa'an nan da iya rubuta wa kwamfuta umurni da harsuna irin su Python da R. Wanda rabonsa da lissafi tun ranar da ya fito daga ɗakin jarrabawar WAEC, in aka jefa shi aji ɗaya da masu digirin lissafi ko injiniya ba tare da shiri ba, an zalunce shi. Zai biya kuɗin makaranta daga albashin da da ma bai isa ba, ya kwana yana kwafar abin da bai gane ba, daga bisani ko dai ya janye, ko kuma ya fito da takardar shaida wadda ba zai iya kare ta a gaban masu ɗaukar aiki ba. Gajerun kwasa-kwasai, kamar na shirin 3MTT wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, suna da amfani wajen ɗanɗana wa mutum fannin, amma 'yan watanni ba su maye gurbin tushen da ba a gina ba.

Hanyar gyara ba sabuwa ba ce. Jami'o'in ƙasar nan sun daɗe suna da babbar difloma, wadda mai digiri a wani fanni yakan bi ta kanta zuwa digiri na biyu a ilmin kwamfuta. A 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin manhaja wanda ya ware kimiyyar bayanai a matsayin digiri mai zaman kansa. Abin da ya rage shi ne a yi wa masu shigowa daga wasu fannoni irin wannan matakala, a tsara difloma ta shekara ɗaya wadda za ta fara da lissafi tun daga tushe, a kuma yi jarrabawa ta gaskiya kafin mutum ya wuce gaba. Ƙasar Ingila ta gwada irin wannan tun 2020, inda aka buɗe kwasa-kwasan digiri na biyu musamman don masu sauya fanni, aka kuma ware tallafin fam 10,000 ga kowane ɗaya daga cikin ɗalibai 1,000. Jami'ar da ta karɓi ɗalibi don kuɗinsa kawai, alhali ta san ba shi da shiri, ta ci amanar ilmi.

A nan ne ya wajaba a ja kunnen 'yan makarantun sakandare da iyayensu. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa cin lissafi ba sharaɗi ba ne ga mai neman karatun adabi a manyan makarantu. An yi haka ne don a sauƙaƙa shiga jami'a, amma yaron da ya ɗauki sanarwar a matsayin izinin yin watsi da lissafi ya rufe wa kansa wata ƙofa wadda zai zo yana ƙwanƙwasawa bayan shekara goma.

Gwamnatocin jihohi su ma suna da nasu nauyin. Tun gyaran aikin gwamnati na 1988 aka tanadi sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga a ma'aikatu. Ya kamata a zaɓi ma'aikatan da suka san aikin lafiya da ilmi da gona, a ba su hutun ƙaro ilmi da albashinsu, a ɗaure su da yarjejeniyar dawowa, kuma in sun dawo a ajiye su a waɗannan sassa. Ɓarnar dukiyar jama'a ce a horar da mutum shekara biyu sa'an nan a mayar da shi teburin jera fayil.

Shi kuwa mai niyyar wannan karatu, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya sayi fom, ya ɗauko littafin lissafi na babban ajin sakandare ya zauna da shi wata uku, awa ɗaya kullum. Python da R kyauta ake samunsu, saboda haka ya gwada su a kan alƙaluman da hukumomi suka buga don jama'a, ya kuma kiyayi taɓa bayanan mutane da ke ofishinsa, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta yi iyaka a kansu. In ya ga yana jure wahalar, har yana jin daɗin warware matsala bayan ta ba shi wuya, to ya nemi difloma tukuna, digiri ya biyo baya. In kuwa ya ga abin ba nasa ba ne, ya gane haka tun bai yi asarar kuɗinsa ba, kuma ɗan abin da ya koya zai taimake shi ya riƙa karanta rahoton ƙididdiga da idon basira.