KIRSIMETI A WATAN OKTOBA: INA MUKE GAGGAWAR ZUWA?

Na san maganar da zan yi ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman 'ya'yana na ƙungiyar mawaƙa. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

A wata Lahadi cikin watan Oktoba na je wa'azi a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Gwaram. Dawa ba ta gama nuna a gona ba, wasu ma suna kan cirar gyaɗa. Ana tashi daga sujada sai matasa suka ta da janareta, suka jona kibod da lasifika, suka shiga koyon Jingle Bells. Wata dattijuwa cikin Zumuntar Mata ta matso kusa da ni ta ce, "Baba Fasto, bana an matso da ranar haihuwar Yesu ne?" Na yi dariya. Amma a kan hanyata ta komawa Birnin Kudu dariyar ta ƙare, gama na ga tambayar mama tana da nauyi. Shekara kamar ashirin da suka wuce, sai Disamba ta kama muke jin ƙamshin Kirsimeti. Daga baya abin ya koma Nuwamba. Yanzu ga shi a Oktoba. In ba mu yi hankali ba, wata rana tare da shuka za mu fara.

Wa ya matso mana da lokacin?

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Ubangiji ba, wannan kowane ɗalibin makarantar tauhidi ya sani. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba daga birnin Roma take, a shekara ta 336. Har yau 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke yin nasu. Saboda haka ba faɗa nake yi a kan lissafin kalanda ba. Abin da nake so mu lura shi ne yadda ikilisiya ta tsara wannan lokaci tun zamanin dā. Ta keɓe Lahadi huɗu kafin Kirsimeti domin jira da tuba da shirin zuciya. Shi ne 'yan'uwanmu Katolika da Angilika suke kira Adbent, kuma Lahadinsa ta fari takan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Bayan haka sai biki ya fara ranar 25, ya ci gaba kwana goma sha biyu har zuwa 6 ga Janairu, ranar tunawa da zuwan masanan nan daga gabas. Wato jira tukuna, murna daga baya.

Mu kuwa mun kifa abin. Muna cinye murnar tun kafin ranar ta zo, ranar 26 ga Disamba kuma kowa ya gaji, an kwashe ado, aljihu ya bushe.

Wannan sabon tsari daga kasuwa ya fito. A Amurka 'yan kasuwa sun daɗe da mai da ranar Jumma'ar da ke bin bikinsu na godiya, a ƙarshen Nuwamba, ta zama ranar buɗe cinikin Kirsimeti. Sunanta Black Friday. Shagunan intanet na ƙasarmu suka aro ta, suka shimfiɗa ta a kan watan Nuwamba kusan dukansa. Mai shago yana da dalilinsa: in biki ya yi tsawo, ciniki ya yi tsawo. Ban ga laifinsa ba, neman abincinsa yake yi. Amma mu me muke sayarwa, da za mu riga malam masallaci?

Waƙoƙin da muka fi so

Bari mu zo kan waƙoƙin kansu. Jingle Bells, wadda yaranmu suka fi iyawa, wani Ba'amurke mai suna James Pierpont ne ya wallafa ta a 1857. Labarin yawo ne a keken doki a kan ƙanƙara. Ku bincika ta daga farko har ƙarshe, babu Yesu, babu Maryamu, babu Baitalami. White Christmas, wadda Bing Crosby ya yi suna da ita a 1942, begen dusar ƙanƙara ce. Wadda Mariah Carey ta fitar a 1994, da ke cika wayoyin 'yan matanmu kowace shekara, waƙar soyayya ce tsakanin mace da namiji. Ban ce duk wanda ya saurare su ya yi zunubi ba. Tambayata ita ce, me suke nema a gaban bagadi? Yaron da ya tashi a Basirka ko Sara, wanda hazon hunturu da kaskon wuta kaɗai ya sani, me yake furtawa sa'ad da yake rera kalmomin da shi bai gane ba, uwarsa ba ta gane ba, ko Ubangiji kuma ba su ambata ba? Manzo Bulus ya gargaɗi ikilisiyar Koranti a kan wannan, cewa waƙa da addu'a su kasance da ruhu da kuma fahimta (1 Korantiyawa 14:15).

Wani zai ce, "To Fasto, ai waɗanda kake so ɗin ma daga Turai suka zo." Gaskiya ne, ban musa ba. Joy to the World, Isaac Watts ne ya rubuta ta a 1719, yana bin Zabura ta 98. Hark! The Herald Angels Sing ta samo asali daga alƙalamin Charles Wesley a 1739. Silent Night kuwa wani matashin firist, Joseph Mohr, ya rubuta kalmominta, malamin makaranta Franz Gruber ya sa mata murya, aka fara rera ta daren 24 ga Disamba 1818 a ƙauyen Oberndorf na ƙasar Ostiriya. Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, dukansu Almasihu suke shela. Na biyu, Mohr bai rubuta tasa da Latin ba, harshen manyan malamai. Da Jamusanci ya rubuta, harshen talakawan ƙauyensa, kuma da jita guda aka raka ta. Ashe in muna so mu yi koyi da shi, da harshen mutanenmu za mu yi waƙa, da kayan kiɗan da ke hannunmu.

Iyayenmu cikin bangaskiya sun gane wannan. Dokta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa sun yi shekaru suna fama har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Aka fassara waƙoƙin sujada, aka tara su cikin Littafin Waƙoƙi, wanda da shi aka yi wa yawancinmu baftisma, da shi aka ɗaura mana aure, da shi muka binne iyayenmu. Matan Zumunta da 'yan Sabon Rai kuma suka ƙaga nasu da muryar ƙasarmu, da tulu da ganga da kacau-kacau. Yau a ikilisiyoyi da yawa littafin nan yana cikin akwati, gara tana ci. A shirin waƙoƙin Kirsimeti sai a ba Zumuntar Mata minti biyar a ƙarshe, sa'ad da rabin jama'a sun fara neman takalmansu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ina kuma tuna mana cewa waƙoƙin Kirsimeti na asali suna cikin Bishara ta hannun Luka: ta Maryamu (1:46-55), ta Zakariya (1:68-79), ta mala'iku (2:14), da ta tsoho Saminu a Haikali (2:29-32). Ku karanta ta Maryamu a natse. Budurwa ce matalauciya daga ƙauyen da ba a ɗauke shi a bakin kome ba, tana yabon Allah wanda yake duban ƙasƙantattu, yake kuma ciyar da masu yunwa. Wace waƙa ce ta fi wannan dacewa da mu, 'yan tsiraru a kudancin Jigawa, waɗanda wani lokaci ko filin gina ɗakin sujada sai mun sha wuya? Amma mawaƙa nawa ne a cikinmu suka taɓa zama su sa mata murya da Hausa ko da Warjanci?

Abin da gaggawar take ci mana

Kada wani ya ɗauka maganar ɗanɗano ce kawai, wai tsoho ya ƙi kiɗan zamani. Akwai hasara ta zahiri.

Ta fari, rumbu. Yawancin masu bi 'yan ƙasa a Birnin Kudu da Gwaram manoma ne. Kowa ya san hatsi a lokacin kaka yake arha, da damina kuma ya yi tsada. Da zarar an fara kiɗan Kirsimeti a Oktoba, sai maganar anko ta tashi: na mawaƙa daban, na Zumuntar Mata daban, na matasa daban, na yaran Makarantar Lahadi daban. Maigida ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗauki riɗi da gyaɗa da gero ya kai kasuwar Sara a daidai lokacin da farashi ya fi faɗuwa. A Janairu kuɗin makaranta ya zo, babu. A Yuli da Agusta ya koma kasuwa yana awon abin da ya sayar, da tsada. Na sha zama a ofishina da magidanta suna share hawaye a kan bashin da aka ci saboda atamfar da aka sa sau biyu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kuwa, kowane dare na koyon waƙa da janareta daga baikon gwauraye ake biyansa.

Ta biyu, godiyar kaka. Nuwamba wata ne da muka saba kawo nunan fari gaban Ubangiji, damin dawa, kwanon wake, kaza, akuya. Da wannan ake riƙe mai bishara a ƙauye, da shi ake taimakon marayu. Yanzu shirin Kirsimeti ya hau kanta ya danne. Kuɗin da ya kamata ya shiga rumbun ikilisiya ya tafi hayar lasifika da fitilu masu walƙiya.

Ta uku, ranar kanta. A nan ne zan saurari masu ba ni amsa, gama suna da hujja. Suna cewa, "Fasto, yawancin membobinmu a cikin gari baƙi ne: ma'aikatan asibiti, malaman makaranta, 'yan sanda, 'yan hidimar ƙasa, 'yan kasuwa daga kudu. Kafin 20 ga Disamba duk sun tafi gida, Filato, kudancin Kaduna, Binuwai, ƙasar Ibo. In ba mu yi namu da wuri ba, da wa za mu yi?" Na ji, kuma ina girmama waɗannan 'yan'uwa, da yawa daga cikin gine-ginenmu da guminsu aka yi. A yi musu daren waƙoƙi a sati na biyu na Disamba, a sallame su da addu'a. Wannan bai bukaci a fara tun Oktoba ba. Amma ina tambaya: waɗanda ba su da wani gida sai nan fa? Bahaushe mai bi, da Bawarje, da wanda kakanninsa Maguzawa ne suka karɓi bishara, ina za su tafi? Ranar 25 ga Disamba sukan zo su tarar da benci babu kowa, mai kibod ya yi tafiya, wani lokaci har fasto ya bar su da dattijo guda. Da haka muke koya wa 'ya'yansu, da maƙwabtanmu Musulmi da ke kallo, cewa Kirsimeti bikin baƙi ne, in baƙi sun tafi ya ƙare. Wannan ita ce ƙaryar da muka yi shekaru muna ƙaryatawa, ga shi muna tabbatar da ita da hannunmu.

Game da maƙwabta kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wata biyu na lasifika da dare ba shaida ba ce. Kwanon shinkafa da nama da yaro zai kai gidan maƙwabci ranar Kirsimeti, kamar yadda su ma suke aiko mana ranar Sallah, ya fi shi wa'azi nesa ba kusa ba.

Me za mu yi?

Ba na so in yi ta ƙorafi ba tare da shawara ba. Ga abin da nake roƙon fastoci da dattawa da shugabannin ƙungiyoyi su duba:

1. Kada a rera waƙar Kirsimeti cikin sujada kafin Lahadin fari ta lokacin jira. Mawaƙa suna iya koyo a natse tun Nuwamba, ba tare da lasifika ba. Lahadi huɗun nan a yi wa'azi daga annabawa, kamar Ishaya 9 da Mika 5, da kuma labarin Yahaya Mai Baftisma.

2. Kowace waƙa ta bi ta hannun fasto ko dattijo. Ma'auni ɗaya ne: tana shelar Almasihu? Jama'a sun gane ta?

3. Aƙalla rabin waƙoƙin su zama da Hausa ko harshen mutanen wurin. Matasa masu baiwa su ƙaga sababbi daga Luka 1 da 2. Mawaƙa irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange sun riga sun nuna cewa Hausa tana ɗaukar kiɗan zamani ba tare da ta zubar da saƙo ba.

4. Anko ɗaya ya isa, kuma kada a hana kowa tsayawa cikin mawaƙa don bai saya ba.

5. A gama godiyar kaka tukuna kafin a buɗe maganar kuɗin Kirsimeti.

6. Kada a bar ikilisiya ko ɗaya ba makiyayi ranar 25 ga Disamba. Mu fastoci mu fara da kanmu. In tafiya ta zama dole, a yi ta bayan biki.

'Ya'yana mawaƙa, ban raina wahalarku ba. Na san kuna barin aikinku ku zo koyo cikin sanyi, ba wanda yake biyanku. Ni ma a ƙungiyar mawaƙa na tashi, har yau kuma in aka ɗauko waƙar daren haihuwar nan da Hausa, a ɗakin sujada na jinka da fitilar ƙwai, idona yakan ciko. Abin da nake so ke nan ya kai ga 'ya'yanku. Saminu ya yi shekaru yana jira kafin ya rungumi Yaron, shi ya sa waƙarsa take da nauyi. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Ubangiji ya ba mu haƙurin jira, ya kai mu ranar lafiya, ya kiyaye masu tafiya a hanya, ya kuma zaunar da jiharmu da ƙasarmu cikin salama. Amin.